Kasafi da muradu a cikin kwamfuta: rajistar aikin gwada samfurin PPI da alƙaluman Najeriya

10 ga Fabrairu, 2025

Tambayar da aikin nan ke bi guda ɗaya ce: cikin ma'aunan ci gaban ƙasa, wanne ne ƙarin kuɗin gwamnati ke motsawa, wanne ne kuma ko an juye masa baitulmali ba zai gusa ba? Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa da ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da su a watan Satumban 2015 guda 17 ne, ƙarƙashinsu akwai ƙudurori 169 da ma'aunai sama da 230, wa'adinsu kuma 2030. Babu gwamnatin da ke da kuɗin bin su duka da ƙarfi ɗaya. Dole a sa wani gaba, a bar wani baya, kuma a kasafin kuɗi ake gane wanda aka sa gaba da gaske, ba a jawabin ranar gabatar da shi ba.

Kayan aikin da muka ɗauka shi ne samfurin Policy Priority Inference, a taƙaice PPI, wanda Omar Guerrero na Cibiyar Alan Turing da ke Landan da Gonzalo Castañeda na cibiyar binciken tattalin arziki ta CIDE a birnin Meziko suka ƙirƙira. Hukumar raya ƙasashe ta UNDP ta yi aiki da shi a Meziko da Kolombiya da Uruguwai, manhajarsa kuma a buɗe take ga kowa, an rubuta ta da yaren kwamfuta na Python. Najeriya ta riga ta san wani samfurin daban, iSDG na Cibiyar Millennium, wanda aka daidaita da alƙaluman ƙasar aka fitar da rahotonsa a 2019. Shi wancan yana bukatar a rubuta lissafin da ke haɗa kowane ɓangare da ɗan'uwansa. PPI ba haka yake ba.

A cikinsa babu inda aka ce naira kaza tana haifar da rijiyar burtsatse kaza. Kwamfuta ce ke kwaikwayon wasan ɓuya tsakanin gwamnatin tsakiya da jami'anta. A kowane zagaye gwamnati ta raba kuɗi. Kowane jami'i ya yanke nawa zai sa a aiki, nawa zai salwanta, kuma samfurin bai damu ya bambance sata da sakaci da kwangilar da aka kumbura ba, duk salwanta ce. Ladan jami'in iri biyu ne: sunan da yake yi idan ma'auninsa ya ci gaba, da abin da ya karkatar, wanda ake zaftarewa idan an kama shi. Kamun ya dogara ga ƙarfin sa ido da kuma yadda ɓarnarsa ta fi ta takwarorinsa fitowa fili, nauyin hukuncin kuma ga yadda doka ke aiki. Jami'in yana koyo irin koyon ɗan kasuwa: abin da ya yi jiya idan ya ƙara masa riba sai ya ƙara, idan ya rage sai ya juya.

Shi kuwa ma'aunin, a kowane zagaye ana jefa masa ƙuri'a. In ya ci, ya hau da wani taki da ake kira alfa. In ya faɗi, ya sauka da wani takin, wanda a nan za mu riƙa kira alfa ta biyu. Yiwuwar cin ƙuri'ar tana fitowa ne daga kuɗin da ya isa wurin aiki, an ninka shi da wata lamba mai suna beta, sannan a haɗa da turi ko jan da sauran ma'aunai ke yi masa. Lambobin saiti uku ke nan ga kowane ma'auni.

Abin da samfurin ke ci biyar ne: jerin ma'aunai shekara-shekara, jadawalin kuɗin da aka kashe, teburin da ke haɗa kuɗi da ma'auni, taswirar alaƙar ma'aunai, da lambobin shugabanci guda biyu. Mun tsayar da shekarun aiki daga 2010 zuwa 2023.

19 ga Fabrairu

Jiya Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da hauhawar farashin Janairu bisa sabon kwandon kaya, an matsar da shekarar tushe daga 2009 zuwa 2024. Disamba ta tsaya a kashi 34.80 a tsohon lissafi, Janairu ta fito 24.48 a sabo. Farashi bai faɗi a kasuwa ba, mudu aka sauya. Bai taɓa shekarunmu na tarihi ba, amma zai taɓa kasafin 2025 idan aka zo hasashe. An rubuta a jerin abin da za a koma wa: a ɗinke tsohon jeri da sabo a watan da suka haɗu, kada a jera su kai tsaye.

3 ga Maris

An gama tace ma'aunai. Daga taskar Bankin Duniya da rahoton shekara-shekara na SDSN, cibiyar masana mai bibiyar muradun, da binciken gida-gida na Najeriya aka tattaro su. Sharaɗin shiga: a sami aƙalla awo huɗu na gaske tsakanin 2010 da 2023, ɗaya kusa da farko, ɗaya kusa da ƙarshe. Guda 60 suka tsallake. Muradi na 3, wato lafiya, ya cika maƙil. Na 12 da na 13 da na 14 kuwa, wato sarrafa kaya da amfani da su ba ɓarna, da sauyin yanayi, da rayuwar cikin teku, kusan fayau suke. Wannan karkata za ta bi mu har ƙarshe, don samfurin ba ya ganin abin da ba a auna ba.

Kowane ma'auni sai an mayar da shi tsakanin 0 da 1, kuma a juya shi yadda hawa zai zama alheri. Misali mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar cikin kowace haihuwa 1,000. Mun sa iyakar muni a 250, iyakar kyau a 0. Binciken lafiya na NDHS na 2018 ya ba da 132, don haka 250 a cire 132 a raba da 250, ya ba da 0.472. Burin 2030 na 25 ya zama 0.9. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ɗauki mafi ƙanƙanta da mafi girman lambar ƙasar kanta a matsayin iyaka. Yin haka yana sa ma'aunin da ya ɗan gusa da taki biyu a shekara 13 ya yi kamar ya taso daga ƙasa ya taɓo sama, kuma burin 2030 ya faɗa bayan 1, inda samfurin ba ya zuwa.

An raba su gida biyu kamar yadda tsarin ya tanada: 44 masu shirin gwamnati a kansu kai tsaye, irin su rigakafi da samun lantarki, da 16 da babu mai riƙe da su, sai dai su motsu ta dalilin wasu, irin su bunƙasar tattalin arziki. An yi ja-in-ja kan yawan haihuwa tsakanin 'yan mata masu ƙananan shekaru. A ƙarshe ya shiga gida na biyu, saboda layin kasafin da za a jingina masa ya yi siriri ƙwarai.

17 ga Maris

Jeri biyu sun ci mana mako biyu.

Na farko rashin aikin yi. A rubu'in ƙarshe na 2020 kashi 33.3 ne. A rubu'in farko na 2023 kashi 4.1 ne. Tsakaninsu an sauya ma'anar mai aiki, ta koma duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi, bisa tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Idan aka ba kwamfuta lambobin nan biyu a jere, za ta ɗauka nan ne gwamnati ta fi yin bajinta a ƙasar gaba ɗaya, ta ba ma'aunin alfa mai tsawon raƙumi. Babu shekarar da aka yi awo biyun tare da za a ɗinke su, don haka an cire jerin, an sa ƙiyasin ƙungiyar ƙwadagon mai ma'ana ɗaya tun farko.

Na biyu ya fi wayo. NDHS ya ba da mutuwar yara 157 a 2008, 128 a 2013, 132 a 2018, 110 a zagayen 2023 zuwa 2024. Idan aka ja miƙaƙƙen layi tsakanin awo da awo don cike shekarun da babu, za a sami ci gaba shekara uku, koma baya shekara biyar, ci gaba shekara biyar. Nasara 8 cikin 13 ke nan, wato 0.62. Idan kuma aka ɗauki ƙiyasin rukunin Majalisar Ɗinkin Duniya na mutuwar yara, wanda aka riga aka goge shi da lissafi ya yi santsi, kusan kowace shekara nasara ce. Yara ɗaya, ƙasa ɗaya, amma beta biyu mabambanta, domin da wannan kason nasarar ake saita beta. Ba mu zaɓi ɗaya ba. An ajiye duka biyun, kowane gwaji za a yi shi sau biyu a ga ko hukuncin ya sauya.

7 ga Afrilu

Kasafi. Nan ne aikin yake, kuma nan ne Meziko ta sha gabanmu, domin tun kasafin 2018 ma'aikatar kuɗinta ke haɗa shirye-shiryen kasafi da ƙudurorin muradun. Mu da hannu muke yi.

Matsalar farko ita ce wace lamba za a ɗauka. Akwai abin da majalisa ta amince, akwai abin da aka saki, akwai abin da aka kashe. A albashi ukun ba su cika nisa da juna ba. A manyan ayyuka kuwa tazarar tana da faɗi, kuma ba ɗaya take kowace shekara ba. Samfurin yana da nasa hanyar salwantar kuɗi a hannun jami'i, don haka idan aka ba shi abin da aka amince alhali ba a sake shi ba, zai ɗora wa jami'in laifin kuɗin da bai taɓa gani ba. Mun ɗauki abin da aka saki daga rahotannin aiwatar da kasafi na kowane rubu'i. Inda rahoton ya tsaya a jimillar ma'aikata, an raba ta ga hukumomin ƙarƙashinta gwargwadon kason kowace a dokar kasafi, aka kuma yi wa layin alama ja don a san ƙiyasi ne.

Ta biyu ita ce shekara. An sa wa kasafin 2016 hannu a watan Mayu, na 2017 da na 2018 a watan Yuni, na 2019 a ƙarshen Mayu. Sai da na 2020 aka koma zagayen Janairu zuwa Disamba, bayan an sa masa hannu a Disambar 2019. Ko bayan nan an sha tsawaita ɓangaren manyan ayyuka, na 2023 ma sai da ya kai ƙarshen 2024. Ma'ana kuɗin da ke ɗauke da sunan wata shekara yana iya fita a wata. An jera komai bisa rubu'in da kuɗin ya fita, ba bisa sunan kasafin ba. Wannan ne ya sa muka mayar da kowace shekara zagaye huɗu: tazarar shekara 13 sau 4, zagaye 52. Ya yi daidai da bukatar jami'an cikin kwamfuta ma, don in zagayen ya yi kaɗan ba sa gama koyo kafin wasa ya tashi.

An cire biyan bashi. An bar kuɗin da doka ta ware kai tsaye, irin kashi 2 na asusun kuɗin shigar tarayya da dokar 2004 ta ba ilimin bai-ɗaya, da kashi 1 da dokar lafiya ta 2014 ta ba asusun kiwon lafiya a matakin farko. An haɗa ƙwarya-ƙwaryan kasafi, har da na naira tiriliyan 2.17 na Nuwamban 2023. Tallafin mai, wanda aka sanar da janye shi ranar 29 ga Mayu, 2023, an ware shi gefe, domin a shekaru da yawa daga kuɗin mai ake cire shi tun kafin su shiga asusun tarayya, ba daga aljihun wata ma'aikata ba.

Sai babban giɓin da ba za mu iya toshewa a wannan zangon ba. A tsarin rabon arzikin ƙasa tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi da ruwan famfo galibi a hannun na ƙasan suke. Duk abin da samfurin zai ce game da karatun yara bisa kuɗin tarayya kaɗai, magana ce a kan rabin tukunya.

28 ga Afrilu

Teburin haɗa kuɗi da ma'auni ya tsaya da ƙafarsa, bayan an rushe na farko. Na farkon ya bi sunan ma'aikata, sunan kuwa ba ya zama wuri ɗaya. A 2015 an haɗe lantarki da ayyuka da gidaje, a 2019 aka ware lantarki, a 2023 aka ware gidaje. A 2019 ɗin aka kafa ma'aikatar jinƙai, shirye-shiryen tallafin jama'a suka koma can. Duk wanda ya bi suna zai ga kuɗin hanyoyi ya yi tsalle ya dira ba tare da an ƙara kwalta ko taki ɗaya ba.

Ga kuma ayyukan mazaɓu. Za ka tarar da fitilun titi masu aiki da hasken rana a ƙarƙashin kwalejin noma, ko ginin aji a ƙarƙashin hukumar da ba ruwanta da ilimi. Don haka aka koma bin bayanin aikin layi-layi. An rubuta ƙaramar manhaja mai tsintar kalmomi tana jefa kowane layi a ɗaya daga rukunoni 30 na kashe kuɗi, sannan mutum biyu suka duba layi 500 da aka zaɓo ta ƙuri'a, kowa shi kaɗai. Inda suka fi saɓawa shi ne layukan da aka rubuta wa "ƙarfafa mata da matasa", waɗanda ke iya zama keken ɗinki, ko babur, ko buhun taki. An buɗe musu rukuni nasu.

Ƙa'ida ɗaya da manhajar ba ta yafewa: kowane ma'auni mai shiri sai yana da aƙalla rukuni ɗaya, kowane rukuni kuma sai yana da aƙalla ma'auni ɗaya. Rukunin da ba shi da ma'auni, irin kuɗin gudanar da majalisa, fita yake yi.

12 ga Mayu

Taswirar alaƙa. Ma'aunai 60 suna iya ba da kibiya 3,540 masu nuna tasirin wani a kan wani, wato 60 sau 59, mu kuwa sauyin shekara 13 kacal muke da shi ga kowanne. Da awo 13, dangantakar da ta kai 0.55 ta isa a kira ta mai ma'ana a mizanin kashi 5 da aka saba, wato wanda sa'a kaɗai ke tsallakewa sau 5 cikin 100. Cikin tagwaye 1,770 da ake samu idan aka jera ma'aunan bibbiyu, ko da a ce lambobin duka na bogi ne, kusan 88 za su tsallake wannan shingen don sa'a kawai.

Gwajin farko ya fitar da wani dunƙule mai ban sha'awa: rigakafi da haihuwa a asibiti da tsumburewar yara da tsarin iyali duk sun riƙe hannun juna gam. Da aka duba, ashe dukansu 'ya'yan bincike ɗaya ne. An auna su a shekaru ɗaya, an cike giɓinsu da miƙaƙƙen layi iri ɗaya, don haka suna lanƙwasa a 2013 da 2018 tare. Kibiyoyin layin da muka ja da hannunmu suke nunawa, ba lafiyar kowa ba.

Gyara uku aka yi. Ana aiki da sauyin shekara-shekara, ba da tsayin lambar ba, don duk abu biyu masu hawa tare sai su yi kama da 'yan uwa. An hana kibiya tsakanin ma'aunai biyu da aka cike daga bincike ɗaya, sai in masana fannin sun tsaya mata. An kuma haɗa alƙaluman Najeriya da na wasu ƙasashen Afirka ta Yamma don awon ya yawaita, duk da cewa yin haka yana nufin an yarda alaƙar lantarki da masana'antu a Ghana ta yi kama da ta nan. Kibiyar da ta rage ba ta ce wannan ne ya haddasa wancan ba. Abin da ta ce kawai shi ne idan wannan ya motsa, an saba ganin wancan ya bi.

26 ga Mayu

Saitin farko ya ƙi kamawa. Yadda saitin ke tafiya: a zaɓi lambobi 180 da ka, a gudanar da wasan sau da yawa, a ɗauki matsakaici, a gwada abu biyu ga kowane ma'auni, wato inda ya ƙare a 2023 da kason nasararsa, sannan a ɗan murɗa lambobin a sake. Ana farawa da maimaici kaɗan don sauri, a ƙara yawansa idan an kusa. Ana tsayawa ne idan ma'aunin da ya fi kowa muni ya haye shingen dacewa, wato yadda wasan ya yi daidai da tarihi, mu mun sa 0.8.

Ma'aunai biyar suka riƙe sauran. Biyu lambarsu ta 2010 da ta 2023 ɗaya ce, shi kuwa kuskure ana raba shi ne da tazarar farko da ƙarshe, sai aka faɗa raba lamba da sifili. An ɗan gusar da ƙarshen da 0.001. Ukun kuma ba su taɓa faɗuwa ba ko sau ɗaya, kason nasararsu 1 cif, irin masu amfani da intanet. Ƙuri'ar da ba ta taɓa faɗuwa ba ba ƙuri'a ba ce, beta sai ta yi ta hawa ba iyaka. An datse kason tsakanin 0.05 da 0.95. Bayan haka ya kama.

9 ga Yuni

Hasashen farko zuwa 2030 ya fito da kyau fiye da kima, kusan komai na hawa ba tuntuɓe. Laifin namu ne: fayil ɗin kasafin da ya shiga na ɗanyar naira ne, ba a cire masa hauhawar farashi ba.

Ga yadda ɓarnar ke aukuwa. Kasafin 2016 naira tiriliyan 6.06 ne, na 2023 tiriliyan 21.83, na 2025 tiriliyan 54.99. A ɗanyar naira na 2025 ya ninka na 2016 sau tara. Beta lamba ɗaya ce tun daga zagayen farko har na ƙarshe, kuma ana saita ta ne yadda matsakaicin nasara zai yi daidai da tarihi. Idan kuɗin yana kumbura haka, sai shekarun farko su zama kusan babu nasara, na ƙarshe kusan babu faɗuwa, matsakaicin ya fito daidai, shingen 0.8 ya buɗe ba tare da ƙorafi ba. Da aka ɗora kasafin 2025 a kai, kowace ƙuri'a ta zama ci. Shingen dacewa bai kama wannan ba, kuma ba zai taɓa kamawa ba, don inda aka ƙare da matsakaicin nasara kawai yake dubawa. Daga yau an ƙara dubawa ta ido: a zana yiwuwar nasarar kowane ma'auni zagaye-zagaye, duk wadda ta miƙe sama kamar tsani a koma kan kuɗinta.

An mayar da komai farashin 2023, an raba da yawan jama'a. Yawan jama'ar ma ƙiyasi ne, don ƙidayar ƙarshe ta 2006 ce. An ɗauki na Majalisar Ɗinkin Duniya saboda yawancin ma'aunanmu da shi aka raba su.

A farkon watan nan kuma Bankin Duniya ya matsar da layin tsananin talauci daga dala 2.15 zuwa dala 3 a rana. An sake sauko da jerin gaba ɗayansa a sabon layin.

30 ga Yuni

Lambobin shugabanci biyu an ɗauko su daga ma'aunan shugabanci na Bankin Duniya: daƙile cin hanci a matsayin ƙarfin sa ido, bin doka a matsayin nauyin hukunci. Suna tafiya daga −2.5 zuwa 2.5, don haka a ƙara 2.5 a raba da 5. Na Najeriya duka biyun suna yawo kusa da −1, wato wajen 0.3. Lamba ɗaya ce ga duk hukumomin ƙasa, alhali kowa ya san ba ɗaya suke ba. Manhajar ta yarda a ba kowane ma'auni tasa lambar, abin da za a cike gurbin da shi ne babu tukuna. An gwada 0.2 da 0.4 don a ga girgizar. Yawan salwantar da samfurin ke nunawa ya motsa sosai, jerin fifikon bai cika motsawa ba, saboda beta tana haɗiye bambancin a wurin saiti. Don haka ba za a fitar da wata lamba a ce ga kason kuɗin da ake ɓarnatarwa ba. Abin da muka zuba ne ke dawo mana.

22 ga Yuli

An sake lissafin girman tattalin arziki, shekarar tushe ta tashi daga 2010 ta koma 2019, na 2024 ya zama kusan naira tiriliyan 373. Ma'aunai huɗu da ake raba su da wannan lambar, ciki har da kason haraji, sun karye a 2019. An bar su a tsohon lissafi har ƙarshen 2023, za a ɗinke sabon daga baya.

11 ga Agusta

Gwajin da aka yi duk wannan wahalar dominsa: a cire matsalar kuɗi gaba ɗaya, a tilasta kowace ƙuri'a ta zama ci daga 2024 zuwa 2030, zagaye 28, a ga wanda duk da haka bai kai buri ba. Wanda bai kai ba, ciwonsa ba na kuɗi ba ne, shirin ne da kansa ke bukatar a sake masa fasali. Lissafin a bayyane yake. A ce ma'auni yana 0.40, alfarsa 0.01, burinsa 0.9. Iyakar abin da zai kai 0.68.

Sai dai da aka sake saitin sau goma, kowane da lambobin farawa daban, jerin waɗanda ba su kai ba ya riƙa sauyawa a gefe-gefe. Dalilin yana cikin ginin saitin: abin dubawa biyu ne, lambobi uku. Beta ta tafi da kason nasara, aka bar alfa da alfa ta biyu suna rabon abu ɗaya. A ɗauki ma'aunin da nasararsa 0.6 ce, ya hau 0.104 a zagaye 52, wato 0.002 kowane zagaye. Alfa 0.01 da alfa ta biyu 0.01 sun ba da haka: 0.006 a cire 0.004. Alfa 0.005 da alfa ta biyu 0.0025 ma sun ba da haka: 0.003 a cire 0.001. A tarihi ba a bambance su. A gwajin cire matsalar kuɗi kuwa, inda babu faɗuwa, na farko zai hau 0.28, na biyu 0.14. Ma'aunin da tazararsa da buri 0.2 ce, a saiti ɗaya kuɗi ne maganinsa, a ɗayan ba kuɗi ba ne. Hukunci biyu masu karo da juna, kuma irin hukuncin da ake ɗauka a kai teburin minista.

An ƙara abin dubawa na uku: girman hawa da girman sauka. Ana haɗa zagaye huɗu-huɗu su zama shekara, a gwada matsakaicin hawan shekarun ci da matsakaicin saukar shekarun faɗuwa da na tarihi. Ya yi aiki ga ma'aunan da ake aunawa kowace shekara. Ga waɗanda aka cike da miƙaƙƙen layi bai yi ba, don girman takinsu mu muka ƙaga shi.

25 ga Agusta

An kasa ma'aunai 44 masu shiri gida uku: waɗanda a duk saiti goma suka kai buri idan an cire matsalar kuɗi, waɗanda a duk goman ba su kai ba, da masu yawo tsakani. Mutuwar yara tana cikin masu yawon, kuma tana sauya gida gwargwadon jerin da aka ba ta, na NDHS ko na santsin. Ba za a fitar da sunayen gida na farko da na biyu ba sai an sake gwajin da taswira uku: tamu, wadda babu kibiya ko ɗaya, da wadda aka yamutsa kibiyoyinta ta ƙuri'a. Idan sakamakon bai bambanta ba tsakanin tamu da yamutsattsiyar, taswirar ado ce kawai, kuma haka za a rubuta.

An fara tattara rahotannin aiwatar da kasafi na jihohi, waɗanda suka yawaita a intanet tun da aka fara shirin SFTAS na Bankin Duniya, mai ƙarfafa wa jihohi bayyana lissafin kuɗinsu, a 2018. Ba su kai baya zuwa 2010 ba, don haka ko dai a gajarta shekarun ilimi da lafiya zuwa 2019 har 2023, zagaye 16 kacal, wanda ya yi wa jami'an cikin kwamfuta kaɗan, ko a raba kowace shekara gida 13 don a dawo 52. Za a gwada na biyun ranar 8 ga Satumba, da ma'aunan ilimi guda shida.